Alƙalamin Almajiri Da Tarihin Malaminsa: Shaida Ce Ko Yabo?

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, Masanin abin da zukata ke ɓoyewa da abin da alƙaluma ke bayyanawa. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu, Sallallahu Alaihi Wasallama, da alayensa da sahabbansa, da duk wanda ya bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya ƴan'uwa Musulmi, dalilin wannan rubutu shi ne wata tambaya da wani matashi ya kawo mini a nan Saga bayan sallar La'asar. Malaminsa ya rasu, bayan ya shekara wajen 40 yana karantarwa a zaure ɗaya, tun daga Ahalari da Ishmawi har zuwa Risala da Muhtasar. Manoman shinkafa na fadamun bakin kogi sun yi karatu gabansa, ƴaƴansu ma sun yi. Yaron ya rubuta tarihin marigayin a wayar salularsa, yana son ya sa shi a Wikipedia, wato kundin sanin nan na intanet da aka kafa a shekarar 2001, wanda kowa ke iya rubutu a cikinsa, har da harshen Hausa. Ya karanta mini, sai na ji ya kira marigayin kogin ilimi, fitilar Afirka ta Yamma, wanda ba a yi kamarsa ba a wannan ƙarni. Da ya gama sai ya ce, "Malam, an ce mini akwai ƙa'idoji biyu da za su tare ni. Wai malaminmu bai shahara ba, kuma wai ni ban dace in rubuta ba saboda ni almajirinsa ne. To, in ni ban rubuta ba, wa zai rubuta?"

Tambayar tana da nauyi, domin akwai haƙƙi iri biyu a cikinta: haƙƙin malami a kan almajirinsa, kada a bari sunansa ya ɓace, da haƙƙin mai karatu a kan marubuci, kada a gaya masa abin da ya wuce gaskiya.

Ga yadda ƙa'idojin suke, musamman a sashen Turanci na kundin. Ta farko ita ce ma'aunin shahara: ba a buɗe wa mutum shafi sai in wasu waɗanda ba su da alaƙa da shi sun yi rubutu mai yawa a kansa, cikin littattafai ko jaridu da aka amince da su. In masani ne, ana duba ko bincikensa ya yi tasiri a fanninsa, ko ya sami babbar lambar yabo, ko ya shugabanci babbar makarantar ilimi. Ta biyu ita ce ta son zuciya: ana hana mutum gwiwa ya rubuta a kan kansa, ko danginsa, ko wanda yake yi wa aiki, kuma tun shekarar 2014 aka wajabta wa duk wanda aka biya domin ya yi rubutu ya bayyana haka a fili.

Shahara dabam, daraja dabam

Abu na farko da na gaya wa yaron shi ne, ɗana, kada ka ɗauki ma'aunin shahara a matsayin ma'aunin daraja. Abin da yake aunawa kawai shi ne yawan abin da aka riga aka rubuta. Marigayi Farfesa Abdu Mumuni, wanda aka haifa a Tasawa a 1929 ya rasu a 1991, masanin makamashin hasken rana, zai tsallake wannan ma'auni cikin sauƙi: ya wallafa littafi a kan ilimi a Afirka a 1964, ya shugabanci Jami'ar Yamai, kuma a 1992 aka raɗa mata sunansa. Amma malamin zaure, wanda littattafansa su ne mutanen da ya karantar, ba shi da irin waɗannan takardu, ko da ya shiryar da unguwa guda.

Ko a ƙasashen da rubutu ya wadata, ma'aunin yakan yi kuskure. A watan Mayu na 2018 an ƙi karɓar shafin da wani ya rubuta a kan Donna Strickland, masaniyar kimiyya a Jami'ar Waterloo ta ƙasar Kanada, saboda an ga hujjojin da aka kawo ba su isa ba. A watan Oktoba na wannan shekara ta sami kyautar Nobel. Mu kuwa muna da abin da ya fi wannan girma. Uwaisul Ƙarni mutum ne da jama'arsa ba su ɗauke shi a bakin komai ba, amma Manzon Allah, Sallallahu Alaihi Wasallama, ya umurci Sayyidina Umar da ya nemi ya roƙa masa gafara in ya gamu da shi, kamar yadda ya zo a Sahihu Muslim. Saboda haka rashin shafi bai rage wa marigayi komai ba a wurin Ubangijinsa, samun shafi kuma ba zai ƙara masa ba.

Tuhuma a wurin malamanmu

Ƙa'ida ta biyu ita ta fi sosa wa yaron rai, alhali kuwa ya riga ya karanta ta gaban marigayin. A babin hukunci da shaida na Risalar Ibn Abi Zaid, ba a karɓar shaidar ɗa domin amfanin mahaifansa, ko ta mahaifa domin ɗansu, ko ta miji domin matarsa, haka nan ba a karɓar shaidar abokin husuma a kan wanda yake husuma da shi. Ba cewa aka yi ɗan maƙaryaci ne ba. Yana iya zama mafi adalci a garinsu. Illar ita ce tuhuma: zuciya tana karkata ba tare da mai ita ya sani ba, shi ya sa Hausawa suka ce so hana ganin laifi. Wanda yake ƙaunar malaminsa ba ya zama ya ƙirƙiri ƙarya da gangan. Abin da yakan faru shi ne ya tuna ranakun da malamin ya yi daidai, ya manta ranar da ya yi kuskure, ya ji labarin karama daga bakin mutum ɗaya ya rubuta shi kamar duk gari ya gani.

Malaman Hadisi sun san wannan haɗari, sun kuma yi maganinsa da tsananin amana. An ruwaito cewa an tambayi Aliyu bin Madini, malamin Imamu Buhari, game da mahaifinsa, sai ya nemi a tambayi waninsa. Da aka matsa masa sai ya sunkuyar da kai, sannan ya bayyana cewa al'amarin addini ne, kuma mahaifin nasa mai rauni ne a ruwaya. A gabatarwar Sahihu Muslim kuma an kawo yadda Zaidu bin Abi Unaisa ya gargaɗi mutane kada su karɓi ruwaya daga ɗan'uwansa. Wannan shi ne aiki da umurnin da ke cikin aya ta 135 ta Suratun Nisa'i, inda aka nemi muminai su tsayar da shaida domin Allah ko da a kan kawunansu ne, ko iyaye, ko makusanta.

Tuhuma kuwa fuska biyu gare ta, domin ƙiyayya tana karkatar da alƙalami kamar yadda soyayya take yi. Imamu Sahawi, wanda ya rasu a 1497, ya rubuta tarjamar Imamu Suyuɗi cikin kakkausan harshe, shi ma Suyuɗi ya mayar masa da martani, alhali dukansu manyan malaman Masar ne na zamani ɗaya. Shi ya sa Imamu Zahabi ya yi nuni da cewa ba a dogara da sukar tsara ga tsaransa idan ta bayyana cewa hassada ce ko gaba ko bambancin mazhaba ya jawo ta. Mu da muke zaune a zamanin ƙungiyoyi da ɗariƙu, sai mu yi hattara: wanda ya buɗe shafin malamin wani ɓangare domin ya zuba masa aibi, da wanda ya buɗe na malaminsa domin ya zuba masa kirari, cuta ɗaya ce ke damunsu.

To, ai makusanta ne suka rubuta mana tarihinmu

Mai hankali zai iya cewa: in haka ne, me za mu yi da littattafan da muke taƙama da su? Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ne ya rubuta Infaƙul Maisuri a 1812, kuma mafi yawansa labarin mahaifinsa ne, Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda aka haifa a Maratta cikin ƙasar Nijar ta yau a 1754. Ahmad Baba na Tumbutu, wanda ya kammala Nailul Ibtihaji a Marrakesh a 1596, ya sa danginsa da malaminsa Muhammadu Bagayogo a cikin malaman Malikiyya da ya tattara, kuma ta hanyarsa ne muka san wani abu game da irin su Al-Aƙib Al-Anusammani na yankin Agadas. Da makusanta sun yi shiru, da ba mu gaji komai ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Wannan magana gaskiya ce, kuma ba ta rushe wadda ta gabata ba. Kusanci yana ba mutum sani, yana kuma rage nauyin hukuncinsa. Abin lura shi ne yadda waɗannan bayin Allah suka yi da kusancin nasu. Na farko, ba su ɓoye ko su wane ne ba: duk mai karanta Bello ya san ɗa ne ke magana, sai ya auna maganar da wannan sani. Na biyu, sun kawo sunaye da wurare da shekaru, abubuwan da na baya zai iya bincikawa. Na uku, kuma shi ne mafi wuya, sun bar muryar wanda ba ya tare da su: Bello ya kawo wasiƙun Shehu Muhammadul Amin Al-Kanemi na Barno a cikin littafinsa, wanda ya ƙalubalanci hujjar yaƙar Barno, sannan ya kawo amsoshin da aka ba shi. Shi kansa Shehu Usmanu, duk da girman da yake ba malaminsa Malam Jibrilu ɗan Umar, ya bayyana a rubuce cewa bai yarda da shi ba a kan kafirta Musulmi saboda manyan zunubai. Wannan bai zama rashin ladabi ba, ya zama shaidar cewa yabon da ya yi masa ba na makanta ba ne.

Bambancin da ke tsakanin wannan da abin da ke faruwa yau a fili yake. Mai rubutu a intanet yakan ɓuya bayan sunan aro, ya yi magana da muryar kundin sani, wadda mai karatu ke zaton ta wanda ba shi da ɓangare ce. Ɗan da ya yabi mahaifinsa da sunansa na gaskiya bai yaudari kowa ba. Amma wanda ya yabi malaminsa, ko kansa, ko wanda ya ba shi jika ashirin, yana nuna kamar shi baƙo ne mai adalci, ya haɗa yabon da algus. Yabon kai kuwa an hana mu shi a aya ta 32 ta Suratun Najmi, kuma canza suna ba ya canza hukunci.

Abin da ya kamaci almajiri

Saboda haka na ce wa yaron, ɗana, aikinka shi ne ka zama mai tattara shaida, ka bar wa wasu yanke hukunci. Ka je wurin tsofaffin almajiran marigayi tun suna raye, ka ɗauki maganarsu, ka rubuta sunan kowa da ranar da ya faɗa. Ka rubuta wurin wa ya yi karatu, a wane gari, waɗanne littattafai ya sauke, su wa ya ba ijaza. Ka rarrabe abin da ka gani da idonka da abin da aka gaya maka. Ka nemi wanda ya taɓa saɓa masa a wata mas'ala, ka rubuta tasa hujjar kamar yadda zai yarda cewa tasa ce. Ka cire fitilar Afirka ta Yamma, ka sa shekara 40 a zaure ɗaya, domin wannan ya fi waccan nauyi, kuma kana iya tabbatar da shi. Sannan ka sa sunanka a kai, ka ce kai almajirinsa ne.

Wuraren da za a kai irin wannan aiki ba su yi mana nisa ba. A nan Yamai akwai cibiyar IRSH ta Jami'ar Abdu Mumuni, inda ake ajiye dubban rubuce-rubucen Larabci da Ajami, aikin da marigayi Bubu Hama ya yi wa hidima ƙwarai. Akwai cibiyar CELHTO mai kula da tarihin baka. Akwai Jami'ar Musulunci ta Say, da ɗalibanta masu neman abin da za su yi bincike a kai. Idan masu bincike suka ɗauki abin da muka tattara, suka tace shi, suka wallafa, to shaidar da ma'aunin shahara ke nema ta samu ta ƙofar gaskiya. Haka John Hunwick da abokan aikinsa suka yi a 1995, da suka fitar da kundin marubutan Larabci na wannan yanki namu: sun gina shi a kan abin da magabata suka rubuta suka ajiye.

Ya ƴan'uwa, laifin ɓacewar sunayen malamanmu ba na ƙa'idojin wasu ba ne kaɗai. Muna binne malami da kuka, mu yi sadakar uku da ta bakwai da ta arba'in, sannan mu bar takardunsa ga gara da ruwan damina. Kowane masallaci a Saga da kewayenta yana iya ajiye littafi guda, a rubuta limamansa da malamansa, da shekarunsu da karatunsu, ba ƙari ba ragi. Malamin da ya koya mana cewa ba a karɓar shaidar mai tuhuma, ba za mu girmama shi da shaidar da shi kansa zai mayar ba.

Allah Ya jiƙan malamanmu da iyayenmu, Ya haskaka makwancinsu, Ya tsare harsunanmu da alƙalumanmu daga ƙari da tauyewa, Ya sa mu cika da imani. Amin. Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.