Babba Juji Ne

Daga cikin karin maganar da kakanninmu suka bar mana gado, da wuya a sami wanda zahirinsa ya yi kama da zagi alhali baɗininsa yabo ne tsantsa, kamar cewar da suka yi babba juji ne, kowa ya zo da shara sai ya zuba. Wanda bai san Hausa ba sai a baki, in ya ji an kamanta mai furfura da wurin zuba shara, sai ya ɗauka rashin ladabi ne. Amma wanda ya tashi a ƙauye, ya ga abin da juji ke yi wa gari da abin da yake yi wa gona, ya san ba kowane mai shekaru ne ya cancanci wannan suna ba. Dalilin da ya sa na ɗauko maganar yanzu shi ne rasuwar wani dattijo a ɗaya daga ƙauyukan ƙasar Sarkin Yamma, cikin gundumar Madarunfa ta jihar Maraɗi, wanda zan sakaya sunansa saboda ko yana da rai bai so a ambace shi ba. Bai taɓa riƙe sarauta ba, bai shahara da dukiya ko malanta ba, amma ranar da aka yi masa salla, mutanen Safo da na Gabi da na Jiratawa, waɗanda ba su haɗa jini da shi ba, sun fi danginsa yawa a sahu.

Bari mu fara duban jujin kansa, domin hikimar maganar tana can. A kowane ƙauye na kwarin Gulbin Maraɗi akwai shi a bayan danga, inda matan gida ke kai tokar murhu da ƙaiƙayin sussuka da kashin awaki da ɓawon gyaɗa da duk abin da tsintsiya ta tattaro da sassafe. Ba ya zaɓen mai kawowa, ba ya tambayar daga wane gida aka fito, kuma abin da aka zuba masa yau gobe na wani ya rufe shi, har ya zamana babu mai iya bambanta sharar gidan wane da ta gidan wane. Haka zai yi ta haɗiya, rana ta dake shi, raɓa ta jiƙa shi, har bazara ta matso, sa'an nan manomi ya zo da amalanke ko jaki da mangala, ya kwashe shi zuwa gona ya jibge tsibi-tsibi. In damina ta kankama kuwa, mai wucewa kan hanya ma yana iya nuna inda tsibin ya zauna, don hatsin wurin ya fi na kewayensa tsawo da duhun ganye da kaurin zangarniya. Saboda haka wanda ya fassara maganar da haƙurin karɓa kawai, ya manta da rufin asiri da mayar da ƙazanta abinci, to, ya ɗauki ƙarami ya bar babba.

An haifi marigayin, bisa lissafin da tsofaffi ke yi da manyan al'amura, dab da shekarar da Gulbi ya yi ambaliya ya ci tsohon birnin Maraɗi, watau 1945, abin da ya sa aka mayar da birnin kan tudu. Ƙarfinsa ya kawo daidai lokacin da Seyni Kunce ya karɓi mulki a watan Afrilu na 1974 ya farfaɗo da ƙungiyar matasa ta samariya. Da yawa sun shige ta don kiɗa da tarbar manyan baƙi, da zamaninta ya shuɗe kuma suka watse tare da ita. Shi kuwa abin da ya riƙe a cikinta shi ne gayya, wadda ta girmi kowace gwamnati, bai kuwa ajiye ta ba sai da ƙafa ta gaza. Yasar rijiya, cike hanyar da ruwa ya yanke, kafa rumfunan kara na lakwal bayan kaka, noman gonar majinyaci da ta uwar marayu, duk shi ke fara fita da hauya, ba tare da sule ko tiyar hatsi ta lada ba.

Sai ga shekarar 1984, da ruwa ya ɗauke hatsi bai nuna ba, ga shi kuma gwamnatin Janar Muhammadu Buhari ta riga ta rufe iyakar Najeriya tun watan Afrilu, hanyar Ɗan Isa da Jibiya da talaka ke samun abinci ta toshe, har mutanenmu suka raɗa wa yunwar suna El Buhari. Dattijon nan yana da shekararren hatsi a rumbu, a lokacin da mai damma biyu ke iya sayen gonar maƙwabcinsa da su, kuma akwai waɗanda suka saya. Shi bai sayar ba, bai kuma tara jama'a a ƙofar gida ya raba da rana tsaka ba. Sai bayan lisha ake fita da ƙwarya a rufe da faifai, a ajiye ta a gidan da aka lura ba a hura wuta ba, a juyo ba tare da doguwar sallama ba. Ya zama wajibi a nan in faɗi abin da masu ta'aziyya kan tsallake: mai ɗaukar ƙwaryar nan, mai lura da gidan da hayaƙi bai tashi ba, mai ƙara wa kunu ruwa don ya ishi baƙin da ba ta san da zuwansu ba, uwargidansa ce. Duk namijin da aka kira juji a gari, lalle a cikin gidansa akwai macen da rabin sharar ke sauka a kanta, kuma rashin adalci ne a yabe shi a yi shiru da ita.

Bayan yunwa ya sha wata irin sharar, ta baki. Wani ɗan ƙasar Ostareliya mai suna Tony Rinaudo ya fara kira a Maraɗi tun 1983 da a daina ƙone kututturan gona, a bar musu tsiro ɗaya ko biyu masu ƙarfi a sassabe sauran, abin da aka sani da sassabin zamani. A wancan lokaci kuwa gona fes ita ce shaidar jarumi, mai barin sabara da kalgo a gona rago ne a idon jama'a. Dattijon nan ya bari a gonarsa, aka yi masa dariya a dandali, aka sace masa itacen da dare, bai kai ƙara ba, bai daina ba. Yau masu bincike sun ƙiyasta itatuwan da suka dawo ta wannan hanya a Nijar sun kai miliyan 200 a fili kimanin hekta miliyan 5, kuma jikokin masu dariyar ne ke hutawa ƙarƙashin gawon da marigayin ya yi rainonsa.

Amma inda maganar ta fi bayyana a kansa shi ne zaurensa bayan la'asar. Buzu ɗaya ne da buta da tabarmar kaba, sai diga da shebur na haƙar kabari jingine a kusurwa. Na taɓa ganin wata yarinya ta shigo da goyo tana kuka, ta yo yaji, tana rantsuwa ba za ta koma ba, bai tambaye ta kome ba, sai ya ce, "'Yata, shiga wajen innarki ki sha ruwa tukuna, magana ba ta gudu." Da mijin ya iso yana huci, ya fara da "Baba, ka ji abin da ta yi mini," sai ya bar shi ya amayar da cikinsa duka, har da abin da bai kamata suruki ya ji ba, bai katse shi ba ko sau ɗaya. Abin da ya faɗa wa kowannensu a keɓe, Allah kaɗai ya sani sai su; da magariba dai na ga sun fita tare, mijin na riƙe da ƙullin kayanta. Dattijon ya tafi kabari da asirin gidaje masu yawa, kuma ko 'ya'yan cikinsa ba su taɓa jin ɗaya a bakinsa ba. Wannan ita ce siturtawar da malamai ke kwaɗaitarwa a kanta, kuma ta fi kyautar hatsi wuya, domin harshe ya fi hannu gardama.

Sai dai kada a yi wa maganar mummunar fahimta, kamar yadda wasu ke yi in suna so su toshe bakin babba, su yi ɓarna sa'an nan su ce ai juji ne, ya haɗiye. Manomin yau ya san jujin zamani cike yake da leda da fasassun kwalabe, waɗanda ko sun shekara goma ba sa ruɓewa, kuma tilas ne ya tsince su kafin ya watsa taki, in ba haka ba ya kashe gonarsa ya kashe akuyar da ta ci. Marigayin ya haɗiye zagi da butulci da bashin da ba a biya ba, gama waɗannan haƙƙinsa ne, yana da ikon yafewa. Amma da wani mai hali ya so ya haɗa fadamar marayu da tasa, a wannan kwari da taƙi ɗaya na lambun zogale ke riƙe gida, sai ya miƙe ya ba da shaida a gaban maigari, ya sake ba da ita a gaban alƙali, ko da yake mutumin amininsa ne tun ƙuruciya kuma amincin bai sake komawa daidai ba. Hilimi yana tsayawa ne inda haƙƙin wani ya fara, wanda ya yafe abin da ba nasa ba kuwa ya ci amana.

Ba zan ɓoye ba, iyalinsa sun ɗanɗana kuɗarsu. Babban ɗansa ya sha ce masa, "Baba, gonarmu na jiran noma na biyu kana can ta wani," kuma ƙorafin yana da hujja, gama shari'a ta gabatar da haƙƙin iyali a kan na maƙwabta. Abin da ya tsare shi daga zargi shi ne bai taɓa barin gidansa ya kwana da yunwa don a yabe shi a waje ba, ya sa 'ya'yansa maza da mata makarantar allo da ta boko, kuma abin da ya rage musu na dukiya ya biya su da tarbiyya. Jikoki kuwa su ne hutunsa: mata yana kiransu amarensa, maza yana ce musu ɓarayin furarsa, su ja masa gemu, su lalube aljihun taguwarsa don dabino, a cikin wasan nan kuma yake koya musu gaisuwa da alwala da sunan kowane icce na daji.

Wanke mamaci da haƙar kabari da sulhunta ma'aurata da kula da rijiya, malamai suna lissafa irinsu cikin farali na kifaya, wanda in wasu suka yi ya saraya a kan saura, in kowa ya bari kuwa gari duka ya ɗauki zunubi. Shekaru da yawa mutum ɗaya ya ɗauke wa ƙauye wannan nauyi, har aka saba aka manta nauyi ne. Yanzu kuma lokaci ya fi tsanani: samari sun tafi biɗa Maraɗi da Kano da Agadas, ɓarayin shanu da masu satar mutane sun addabi ƙauyukan kan iyaka, tun 2019 kuma 'yan gudun hijira daga Zamfara da Sakkwato da Katsina ke shigowa jiharmu suna neman zauren da zai karɓe su. Saboda haka ina kira ga 'ya'yansa da sa'o'insu, ku da furfura ta fara fito muku, kada ku bari a rufe zauren nan bayan sadakar arba'in. Wani ya karɓi diga da shebur, wani ya ɗauki gayyar rijiya kafin ruwa ya sauka, wani ya zauna kan buzun bayan la'asar, kuma ku riƙa leƙa tsohuwar da ya bari, don ta yi wa garin nan hidima daidai da tasa. Allah ya jiƙansa, ya sa aljanna ce makomarsa.