Jan Ɗigo Ba Zai Riƙe Maka Hannu Ba

Ɗana, tun da aka fara satar mutane a gefen Abuja, musamman farkon 2024 da abin ya taɓa Bwari ya zo har Kurudu, hirar majalisa ta canza a Karu da Jikwoyi da Nyanya. Kowa maganar bindiga yake yi. Cikin abin da samari ke miƙa wa juna a waya akwai 'yar na'urar nan ta lesa da ake ɗaura wa fistol, wadda ke jefa jan ɗigo a jikin abin da aka auna. Ana cewa inda ɗigon ya sauka nan harsashi zai sauka. Kafin ka zuba kuɗinka, saurare ni.

Idan kai farar hula ne, maganarka gajeriya ce. Dokar makamai ta 1959 ta sa fistol da libarba cikin haramtattun bindigogi, ba mai riƙe su sai da izinin Shugaban Ƙasa. Bindigar farauta ma sai da lasisin Sufeto Janar, ta toka kuwa sai Kwamishinan 'yan sanda ya yarda. Wanda ya ce zai samo maka ta bayan fage, gidan yarin Kuje yake nuna maka. Ka kai kuɗinka ga kwamitin unguwa, a gyara ƙofa, a sa fitila, a biya 'yan banga haƙƙinsu a kan lokaci.

Da kai nake sosai, kai da ka sa kaki, ka sa hannu a littafi aka miƙa maka makami.

Ban ce na'urar banza ce ba. A ɗaki mai duhu, ko inda mutum ya kasa ɗaga bindiga daidai ido, ko ga dattijon da idonsa ya daina ganin saiti da kyau, tana taimakawa. Amma duniya ta fara soyayya da ita ne a majigi, a fim ɗin Terminator na 1984, kuma a majigi hannun jarumi ba ya rawa. Naka zai yi. Ranar da ka kunna ta ka auna bango daga taku goma, za ka ga ɗigon yana yawo, yana bin numfashinka da bugun zuciyarka. Wanda bai goge ba sai ya jira ɗigon ya gifta inda yake so, ya fizgi kunama da sauri. Wannan fizgar ce ke kautar da bakin bindiga a daidai lokacin da harsashi zai fita, sai ya tafi ƙasa ko gefe. Ɗigon ya gaya maka gaskiyar inda ka auna ɗazu, yatsanka ne ya canza labari.

Ga kuma ƙananan abubuwan da mai talla ba ya faɗa. Da tsakar rana a kan titin Abuja zuwa Keffi, jan ɗigo yakan ɓace cikin hasken rana, ka tsaya nemansa maimakon ka dubi mutumin da ke gabanka. Da dare cikin hazon hunturu, ƙura takan fito da zaren hasken, ta nuna wa kowa inda kake tsaye. Batir yana mutuwa. Saitin yana gocewa in bindiga ta bugu, kuma ba a gane ya goce sai an harba a filin gwaji, filin da ba ka je ba tun kana kurtu. Balle ma makamin gwamnati ba naka ba ne da za ka ɗaura masa abin da ka ga dama. Wannan hurumin mai kula da ma'ajiyar makamai ne.

Ka leƙa mayankar Karu da asuba ka kalli tsohon mahauci yana fiɗa. Wuƙarsa ta sha washi har ta zama siririya, ƙotar an ɗaure ta da roba, amma fata na rabuwa da nama ba huji ko ɗaya. Yaronsa na gefe da sabuwar wuƙa mai sheƙi, yana ɓata fata ta uku.

Kada ka ɗauka matsalar tamu ce kaɗai. Cibiyar RAND ta Amurka ta duba harbe-harben 'yan sandan birnin New York daga 1998 zuwa 2006, ta samu cewa idan ana musayar wuta, kusan kashi 18 cikin 100 na harsasansu ne ke samun wanda aka nufa. Waɗannan mutane ne masu filin harbi da harsashin atisaye. To sauran harsasan ina suka tafi? A can ban sani ba, amma a kasuwar Karu da yamma, bayan wanda ka auna akwai mai tsire, da ɗan sahu, da yarinya mai tallan gyaɗa. Lesa ba ta ganin su. Ba ta san kuma ko wanda ya tsallako katanga ɓarawo ne ko ɗan mai gida da ya makara ba. Abin da ake kira harbin kuskure a jaridunmu, sau da yawa yatsa ne da ya kwanta a kan kunama ba dalili, da bakin bindiga da aka bari yana kallon mutane.

Na san za ka ce ai ba kai ke sayen harsashi ba, kuma atisaye sai an kira ka. Gaskiya ne, kuma wannan laifin manya ne masu son sayen kaya, don kaya ana jera su a ɗauki hoto, horo kuwa ba ya fitowa a jarida. Amma akwai abin da ke hannunka. Duk kwas ɗin da aka buɗe ka sa sunanka, ko da kuɗin mota daga aljihunka zai fito. Ka karanta Umarni na 237 na rundunar 'yan sanda, wanda aka sabunta a 2019, har ka san yaushe doka ta yarda a ɗaga bindiga. Ka je likita ya auna idonka. Ka sayi tocila mai ƙarfi. Ka koyi tsayar da jini a wajen masu agajin gaggawa, domin sau da yawa kai ne za ka fara isa kan wanda aka harba. Sannan ka nemi tsohon sajan ɗin da kowa ya san ya iya, ka roƙe shi ya tsaya a kanka, bayan ku biyu kun tabbatar ba harsashi a cikin bindigar, ya riƙa gyara maka riƙo da tsayuwa da jan kunama, ko da minti goma ne kafin fareti.