Tamoji da Wuƙar Likita

A zaurukan malaman Unguwar Juma da na Kona, inda aka daɗe ana bitar Risala da Muhtasar, yanzu akan kawo wata mas'ala wadda magabata ba su san surarta ba, ko da yake sun bar mana ƙa'idojin warware ta: shin ya halatta wanda shekaru suka yamutsa masa fuska ya je likita ya miƙe masa ita?

Kafin hukunci, wajibi ne a fahimci aikin. Wani na wuƙa ne, inda likita yake tsaga fata daga gefen gashi ya bi ta gaban kunne, ya ɗage ta, ya ja naman da ya saki, ya yanke rarar, sa'an nan ya ɗinke. Amfaninsa yakan kai kimanin shekara 10, amma akwai hatsarin taruwar jini da taɓa jijiyar da ke motsa fuska, ga kuma tabo mai tudu wanda ya fi kama baƙar fata. Wani kuma na allura ne, kamar Botox, wanda hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi don tamojin tsakanin gira a 2002, shi kuwa dafin wata ƙwayar cuta ne da ke sanyaya naman wurin na wata 3 zuwa 4, daga nan sai a sake biya.

Fukaha'u sun rarrabe tsakanin gusar da aibi da canza halitta. Hujjarsu ta farko ita ce ƙissar Arfaja ɗan As'ad, wanda aka sare wa hanci a yaƙin Kulab, ya sa na azurfa ya yi ɗoyi, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umurce shi da sa na zinariya. Saboda haka aikin da ake yi a asibitin koyarwa na Shika ga wanda wuta ta ƙona, ko jaririn da aka haifa da tsagaggen leɓe, ko abin da asibitin Sakkwato yake yi wa yaran da cutar noma ta cinye wa kumatu, duk alheri ne mai lada, haka nan dattijon da fatar idonsa ta zubo har ta tare masa gani. Tsufa kuwa, shi ne abu guda da hadisin Usama ɗan Sharik ya keɓe daga cututtukan da aka saukar wa magani, kuma a kan wannan tafarki Majalisar Fikihu ta Duniya, a zamanta na Putrajaya a 2007, ta hana kawar da tamoji da wuƙa ko allura sai in lalura ce ta rashin lafiya.

Na gamsu da wannan fatawa, amma ina ganin malamin da ya karanta ta ya naɗe buzunsa bai gama aikinsa ba. Matar da ta haifi 'ya'ya bakwai a cikin ganuwar birnin nan, wadda take tsayawa gaban madubi bayan sallar asuba tana jan fatar kumatunta da yatsu biyu zuwa kunne don ta ga yadda take a da, mafi yawan lokaci tsoro ne ya kai ta, domin ta ji ana raɗe-raɗin fentin ɗakin da ke kallon nata, ta kuma ga yadda aka jingine wasu uwayen gida bayan zuwan amarya. Kuɗin likitan Abuja ko Alƙahira ba ta da su, sai ta koma ga man bilicin na kasuwa, wanda yake sirantar da fata har jijiyoyi su bayyana, ya bar mata baƙin tabo a ƙarƙashin ido.

Shari'a ba ta hana ta ado ba, tun da an yi umurni a rina furfurar Abu Ƙuhafa ranar buɗe Makka. Lalle da kwalli da dilka duk mubahi ne. Wanda ya kamata a zaunar a zaure a karanta masa babin adalci tsakanin mata da kyakkyawar mu'amala shi ne mijin, wanda furfura ta cika masa gemu ana ce masa dattijo ana ba shi sahun gaba, alhali yana ƙyamar irin wannan alama a fuskar wadda suka tsufa tare.