"AI NAMIJI NE": HUJJA CE KO UZURI?

Bismillahir Rahmanir Rahim.

'Yan uwa, idan damina ta sauka a dajin Kamuku, a nan Birnin Gwari, kukan kwaɗi sai ya cika dare. Masu wannan kukan maza ne, mata suke kira. Jangwada yana gyaɗa jan kansa a kan dutse. A gida kuwa zakara yana sauke fiffike ya kewaya kaza, in ya tsinci ƙwaya ya kira ta. Wa ya koya musu wannan zancen?

A 1849 wani likita Bajamushe, Arnold Berthold, ya fiɗiye zakaru a garin Gottingen. Suka daina cara, suka daina bin kaji, zankonsu ya ƙi girma. Waɗanda ya mayar wa da marainan cikin ciki kuwa, cara ta dawo, neman kaji ya dawo, alhali marainan ba su haɗu da jijiyoyinsu na da ba. Sai ya gane cewa ta jini saƙon yake bi. A 1935 aka tace wannan sinadari, aka sa masa suna testosteron. Daga baya aka gano inda yake sauka: wani ɗan gurbi a ƙasan ƙwaƙwalwa, a sashen da ake kira haifotalamos. A gwajin ɓeraye da salwa, in an lalata gurbin, namiji ya daina barbara. In an ɗiga sinadarin a wurin, fiɗiyayye ma sai ya motsa.

Makiyayi ya san rabin wannan tun kafin Bature ya rubuta. Shiga kara ranar kasuwa ka dubi bambancin bunsuru da taure.

To ga tambayar. Idan sinadari ne yake kunna sha'awa, mene ne laifin wanda ya bi ta? Kullum muna ji: saurayi ya lalata 'yar mutane, ko magidanci ya tare yarinya mai talla a soro, sai a ce "ai namiji ne, ba ya iya riƙe kansa." A yi wa yarinyar gori, shi kuma a rufa masa asiri.

Wannan magana ba ta da gindi. Sinadarin yana ƙara ƙarfin kira ne, ba shi yake zaɓar amsa ba. Yunwa ma da sinadarai take tasowa, amma ƙugin ciki kaɗai ba ya wanke ɓarawon akuya. Allah Ya ba ɗan Adam sashen gaba na ƙwaƙwalwa, bayan goshi, mai auna sakamako da taka burki. Hujja a fili take: wanda ya ce ya kasa riƙe kansa, da mahaifin yarinyar zai leƙo, nan take zai riƙe. Ashe linzamin yana nan, shi ne bai ja ba.

Kuma ku lura, a yawancin halittun nan namiji roƙo yake yi. Kwaɗo ya kwana yana kuka, mace ce take zaɓa. Mai tilasta wa mace, ko a lungu ko da bindiga a daji, kada ya jingina da zakara.

Musulunci bai ce a kashe sha'awa ba. Annabi (SAW) ya hana Usmanu ɗan Maz'un ƙauracewa aure, kuma bai yarda sahabbai su fiɗiye kansu ba. A hadisin Ibnu Mas'ud ya umarci matasa masu hali su yi aure, marasa hali su lizimci azumi, ya kira azumin "wija'u". A Larabci kalmar tana nufin dandaƙar marainan dabba. Ka ga hikima: dabba sai an dandaƙe ta daga waje, mutum kuwa an bar masa halittarsa cikakkiya, aka ce ya horar da ita da kansa. Wannan shi ne taklifi, kuma a nan darajarmu take.

Saboda haka, ɗan uwa matashi, jin sha'awa ba zunubi ba ne, kada ka tsani kanka. Hisabi yana kan kallo na biyu, da saƙon da ka tura tsakar dare, da ƙofar da ka rufe. Iyaye kuma ku sauƙaƙa lefe da sadaki, ku daina kare mai laifi da sunan mazantaka.

Allah Ya tsare mana 'ya'yanmu maza da mata. Wallahu a'alam.