Tiya guda ga shugaba da talaka

Ya kai mai karatu, ka san tiya. Da ita kake auna gero a kasuwar Gabi. Ka kuma san irin ɗan kasuwar nan mai tiya biyu, babba in zai saya, ƙarama in zai sayar. Ranar da aka gane shi, ba mai ƙara zuwa rumfarsa.

To, shari'a ma awo ce. In an zargi mutum da laifi, sai an auna maganar kafin a ce ya yi. Tambayarmu ta yau ita ce, da wace tiya za a auna shi? Ni a ganina tiya guda ce ta dace da kowa, shugaba ne ko talaka, namu ne ko na wasu. Bari mu duba wannan magana a wurare uku: fadar shugaba, gidan rediyo, da gidan kaso.

Wa ke auna shugaba?

Tuɓe shugaba ba baƙon abu ba ne a ƙasarmu. A sarautar Katsinar Maraɗi akwai manya huɗu: Ƙaura, Galadima, Ƴandaka da Durɓi. Su ke zaɓen sarki, kuma a zamanin da suna da ikon tuɓe shi. Kakanninmu sun san cewa doki mai ƙarfi shi ya fi bukatar linzami. A mulkin zaɓe, majalisar dokoki da kotu aka ba wannan aiki. Amma aikin yana ɓaci ta hanya biyu.

Hanya ta fari, masu awo su bi son ransu. A 1979 aka zaɓi Balarabe Musa na jam'iyyar PRP gwamnan jihar Kaduna. A lokacin Katsina da Jibiya, maƙwabtanmu na ƙetaren iyaka, suna cikin wannan jiha. Amma jam'iyyar NPN ce ke da rinjaye a majalisar jihar. Suka ƙi amincewa da mutanen da ya kawo su taya shi aiki. Ran 23 ga Yuni 1981 suka tsige shi. Har yau ana gardama. Wasu na cewa ya saɓa doka. Wasu na cewa laifinsa kawai shi ba nasu ba ne. Ka ga illar abin. In abokin gabarka ne ke riƙe da tiya, ko ya auna daidai, zukatan jama'a ba za su kwanta ba.

Hanya ta biyu, shugaba ya fasa tiyar don kada a auna shi. An zaɓi Tanja Mamadu a 1999, aka sake zaɓensa a 2004. Mutanen karkara da yawa sun so shi saboda rijiyoyi da azuzuwa da ɗakunan shan magani. Amma kundin tsarin mulkin 1999 ya ce wa'adi biyu ne, ba ƙari. A 2009 ya nemi yin tazarce. Kotun tsarin mulki ta ce doka ba ta yarda ba. Sai ya rushe majalisar dokoki ran 26 ga Mayu, ya rushe kotun ran 29 ga Yuni, aka yi zaɓen raba gardama ran 4 ga Agusta. Ran 18 ga Fabrairu 2010 sojoji suka kifar da shi. Ya yi fiye da shekara a tsare. A watan Mayu 2011 kotun ɗaukaka ƙara ta Yamai ta ce a sake shi. Shi da ya rushe kotu, kotu ce ta buɗe masa ƙofa.

Akwai kuma inda abin ya tafi daidai. A Amurka, a 1974, shugaba Nixon ya sauka da kansa. Manyan jam'iyyarsa ne suka gaya masa ba za su iya kare shi ba, don hujja ta bayyana. Ba a harba bindiga ko ɗaya ba. Mutanensa sun auna shi da tiyar da za su auna wani.

Wa ke ba ka labari?

Kai ba ka zauna a majalisa ba. Abin da ka sani game da shugabanni, daga rediyo ka ji shi, ko daga muryoyin da ake turowa a WhatsApp. Ka san halin maroƙi. Wanda ya ba shi riga shi yake wasawa, wanda ya hana shi ya sha zambo. Wani gidan labari ma haka yake. In na mai mulki ne, ba ya ganin laifin mai mulki. In na ɗan adawa ne, ba ya ganin alherinsa.

Shi ya sa yana da kyau a san wanda ke ciyar da mai ba da labari. A watan Yuni 2008 majalisar dokoki ta miƙa tsohon firaminista Hama Amadu ga shari'a. An zarge shi da karkatar da miliyan 100 na sefa, kuɗin da aka ware don taimakon kafofin labarai. Shi ya ce siyasa ce kawai. Aka kai shi kason Kutukale. Tun alƙali bai ce komai ba, gidajen labarai sun rabu biyu. A nan an gama kama shi da laifi, a can an gama wanke shi. Bayan wata goma, a Afrilu 2009, aka yi masa sakin talala saboda rashin lafiya.

Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, amma shari'a ba ta cika da baki ɗaya. In ka ji an zargi mutum, ka tambayi kanka abu uku. Wa ya faɗa? Me ya gani da idonsa? An ji ta bakin wanda ake zargi? In babu amsa, ka riƙe maganar a cikinka, kada ka tura wa wani.

Wa ke jira a gidan kaso?

Ka san talala. Igiya ce doguwa da ake ɗaure dabba da ita, ta yi kiwo amma ba ta ɓace ba. Sakin talala, wanda ake ce wa beli a Nijeriya, shi ne a bar wanda ake zargi ya koma gida kafin ranar shari'a, da sharaɗin zai zo duk ranar da aka kira shi. Dalilinsa ɗaya ne: wanda ake zargi ba mai laifi ba ne sai alƙali ya tabbatar. Malamanmu ma sun koya mana cewa mai ƙara shi ke kawo shaida.

Dokar Nijar ta daɗe da ƙayyade awa 48 ga tsarewar jandarma ko ɗan sanda a kan laifi na yau da kullum. Mai gabatar da ƙara na iya ƙara wasu awa 48. Daga nan sai gaban alƙali. Amma jiran shari'a kan yi tsawo. An kama ɗan jarida Musa Kaka, na rediyon Saraounia da RFI, a watan Satumba 2007, bisa zargin hulɗa da ƴan tawayen arewa. Sai a Oktoba 2008 aka yi masa sakin talala. Shi duniya ta san sunansa, yana da lauyoyi, amma ya wuce shekara a tsare.

To, yaya manomin da ba wanda ya san shi? Ka ɗauka an zarge shi da satar akuya, aka kulle shi farkon damina. Ba wanda ya yi masa shuka, ba wanda ya yi masa noma. Bayan kaka alƙali ya ce ba shi da laifi. Ya fito, amma rumbunsa wayam, matarsa ta ci bashi, yara a gari suna ce wa ɗansa ɗan ɓarawo. Wa zai biya shi damina guda? An hukunta shi tun ba a auna shi ba.

Na san abin da za ka ce. Mu mutanen bakin iyaka mun sha wuyar ɓarayin shanu da masu satar mutane. In an kama ɗayansu aka sake shi, gobe yana daji, kuma wanda ya ba da shaida ba zai yi barci ba. Gaskiyarka. Wanda ake tsoron zai gudu, ko zai cuci shaidu, a riƙe shi, amma a gaggauta shari'arsa. Wanda kuwa ke da gida da gona da iyali, ga mai gari ya tsaya masa, kuma abin da ake zarginsa ƙarami ne, a bar shi ya je ya yi noma. Abin dubawa shi ne haɗarin mutum, ba nauyin aljihunsa ba. In kuɗi ne kaɗai ke buɗe ƙofa, babban ɓarawo zai kwana gida, mai zargin akuya ya kwana kaso.

Aikinka

Gwajin adalci mai sauƙi ne. In an kama wanda ba ka so, ka tambayi kanka: da ƙanena ne, zan yarda a yi masa haka? In an zargi shugaban da kake so, ka ce: da na wasu ne ya yi wannan, zan yi shiru? In amsarka ta canza, to tiya biyu gare ka.

Yanzu ka iya karatu. In an kawo takardar sammaci garinku, karanta ta da kanka. In an tsare ɗan'uwanka, rubuta ranar da aka kama shi, ka tambayi laifin da ake zarginsa, ka tambaya ko za a yi masa sakin talala. Kada ka sa hannu ko ka dangwala yatsa a takardar da ba ka karanta ba.

Ga tambaya ku tattauna a wurin karatu: a garinku, in an zargi ɗan mai gari da ɗan baƙo da laifi iri ɗaya, tiya guda ake ɗauko musu?