Haƙƙin Kufai a Kan Jikoki

Kakata, haifaffiyar wani ƙauye a ƙasar Ƙanƙara, ta koma ga Mahaliccinta ba ta taɓa yarda a yi zancen mahaifinta a gaban baƙo ba, domin Bamaguje ne. Na girma ina ɗaukar shirunta a matsayin kunya ta gari. Yanzu kuwa ina tambayar kaina: shin wanda ya bar addinin kakanninsa yana da ikon binne labarinsu?

Abin da ya tayar mini da wannan tambaya shi ne tarihin Xixime, mutanen duwatsun Durango da Sinaloa a ƙasar Meziko. A shekarar 1610 gwamnan Sifaniyawa, Francisco de Urdiñola, ya ci su da yaƙi, kamar yadda aka yi wa maƙwabtansu Acaxee. Harshensu ya mutu. Mafi yawan abin da aka sani game da su ya fito ne daga alƙalamin waɗanda suka murƙushe su, kuma abin da aka fi tunawa shi ne cin naman mutane. Ko da zargin ya tabbata, al'umma ta fi mummunan aikinta faɗi.

Maguzawa ma ba su suka raɗa wa kansu suna ba. Malamai da dama na ganin daga kalmar Majusu ya samo asali. Sai da Joseph Greenberg ya zo daga Amurka ya zauna da Maguzawan Kano, ya buga littafinsa a 1946, mu kuwa jikoki muna sunkuyar da kai.

Wani zai ce tuna tsafi raya shi ne. Ban yarda ba. Malaman Musulunci ne suka adana waƙoƙin Jahiliyya, har suka kafa hujja da su wajen fassara kalmomin Alƙur'ani, imaninsu kuma bai ragu ba. Sanin abu daban, bauta masa daban. Iyayen nan su suka sare daji, suka san lokacin shuka, suka bar mana harshen da nake rubutu da shi.

Lokaci kuma ba ya jira. 'Yan bindiga sun tashi ƙauyuka a Faskari da Sabuwa da Ƙanƙara, tsofaffi na mutuwa a gudun hijira, kowanne da labarinsa a ciki. Ban tambayi kakata ba, nauyin wannan yana wuyana. Amma ƙanwarta na raye, kuma na sayi littafin rubutu.