Hular Gwaggo: suɗi ko ɗumame?

Ƴan uwana ɗalibai, bari in fara da faɗin laifina, domin daga can maganar ta taso.

A hutun ƙarshen shekarar da ta wuce na bar Yamai na je gida Gazawa. Matar yayana ta haihu a Maraɗi, an samu namiji. Gwaggo, yayar babanmu, ciwon ƙafa ya hana ta shiga mota, sai ta kira ni ɗakinta ta miƙo mini wata baƙar leda. Ta ce, "Ɗiyata, ki kai ma jinjiri wannan. Ki ce ma uwarsa ta riƙa sa mishi da asuba, sanyin bana ba ya wasa." Na buɗe. Hula ce da safa, saƙar hannunta. Gindin hular shuɗi ne mai duhu, samansa shuɗi mai haske, sai ja irin na jar ƙasa, sai rawaya, sai wani toka-toka da na gane nan take, domin tsohuwar rigar sanyina ce ta bosho Gwaggo ta warware. Safar kuwa, ƙafar dama ba ta yi kama da ta hagu ba.

Ranar suna mata suka cika gida, ana buɗe kayan barka ana ɗagawa ana faɗin mai shi. Turamen atamfa, sabulai, kayan jarirai na kanti cikin kwali mai ƙyalli, hula da riga da safa duk launi ɗaya. Na dubi jakata, na ji kunya ta rufe ni. Da aka zo kaina sai na miƙa sabulu da man shafawa da na saya a tasha, na ce, "In ji Gwaggo." Ledar ta koma Gazawa a ƙasan kayana. Da Gwaggo ta tambaye ni, "Ta yi mishi daidai?" na ce, "Ta yi, Gwaggo." Ƙarya biyu ke nan cikin kwana uku.

Abin da na faɗa ma kaina a lokacin shi ne wai mutuncinta nake karewa, kada a ce tsohuwa ta aiko da tsumma gidan suna. Amma tambayar ta ƙi barina in yi barci: shin kyautar da aka yi da ragowa raini ce ga wanda aka ba?

Ni ɗalibar ilimin harshe ce, in abu ya shige mini duhu kalmomi nake fara tambaya. A ajin nazarin ma'ana an koya mana cewa da wuya kalmomi biyu su zama abu ɗaya ta kowace fuska. In harshe ya ajiye kalmomi da yawa a wuri guda, to akwai bambancin da masu harshen suka damu da shi. Ku dubi yawan sunayen da Bahaushe ya ba abin da ya rage. Akwai saura, akwai ragowa, mutanen Gobir da na Sakkwato su ce kingi. Waɗannan ba su yabo ba su zagi. Amma ku shiga madafa ku ji. Tuwon da wani ya ci ya ƙoshi ya ture kwano, sunansa suɗi. Tuwon da ya kwana aka tashi da asuba aka hura wuta aka mayar da shi tukunya da miyarsa, sunansa ɗumame. Tukunya ɗaya suka fito, hatsi ɗaya, hannu ɗaya ya tuƙa. Duk da haka in ka ba baƙo suɗi ka ci mutuncinsa, ɗumame kuwa maigida da kansa yake tambaya ko an ajiye mishi. Har ƙanzon da ya kama gindin tukunya sai da aka ba shi suna nashi, aka kankare, aka shanya, aka jiƙa aka ci da ƙuli-ƙuli.

To me ya raba suɗi da ɗumame? A ganina abu biyu ne. Na ɗaya, suɗi an bar shi ne don an gama da shi, ɗumame kuwa ajiye shi aka yi da niyya tun dare. Na biyu, ɗumame wani ya sake yi mishi aiki. Da wannan ma'aunin na koma kan hular Gwaggo.

Gwaggo ta daɗe tana saƙa hulunan jarirai da safa a lokacin ɗari, mata na saye. Ulun kasuwa yawancinsa na roba ne, ba ya shan rinin gargajiya, don haka in tana son launi nata sai ta nemi farin zaren auduga ta rina da kanta. Ganyen baba take dakawa ta cura ta shanya, ta zuba a tukunya da ruwan toka ta bar shi kwanaki har ya tashi. Zaren yakan fito kore-kore, sai ya sha iska ya juye shuɗi a gaban idonka, kuma yawan tsomawa shi ne duhun launi. Ja daga karan dafi take samu, irin dawar nan da dukawa ke rina fata da ita, da ɗan kanwa. Rawaya daga saiwar rawaya, tsiron da ya ba launin sunansa. Kafin ta tsoma babban ƙulli, sai ta naɗe ɗan zare a yatsu uku ta gwada, ta ga ko tukunyar ta yi. Waɗannan ƴan gwaje-gwajen, da guntayen da suka rage a ƙarshen kowace saƙa, ba ta zubarwa. Tana da tsohon gwangwanin madara da take tara su.

Na fito da hular na ƙirga. Guntaye 14 ne a jikinta. Duk wanda ya taɓa riƙe tsinken saƙa ya san ma'anar wannan: kowane guntu baki biyu gare shi, baki 28 ke nan da sai an ɓoye. Mai gaggawa ƙulli take yi ta wuce. Na juya cikin hular ina lalube da yatsa, ban samu ƙulli ko ɗaya ba. Da allura ta bi kowane baki ta cusa shi cikin saƙar, saboda kan jinjiri da maɗiga, ƙulli zai dame shi. Inda zare ya yi siriri ta ninka shi biyu don kauri ya zo ɗaya. Na shaƙa, ba warin baba. Ta wanke zaren har ya daina zuba. Hular da aka saƙa da ƙulli ɗaya na kanti, yini guda ta gama ta. Wannan na tabbata ta ci mata kwanaki, da idon da sai wani ya zura mata zare a allura.

Kada in yi wa kaina sauƙi, akwai hujja mai ƙarfi a ɗaya ɓangaren. Aya ta 267 ta suratul Baƙara ta hana mutum ya zaɓo lalataccen abin da shi kansa ba zai so a ba shi ba, ya ce shi zai bayar. Kuma duk mun san irin wannan kyautar. Mai hali ya buɗe rumbu ya auno hatsin da ƙwari suka cinye ya kira shi sadaka. Hajiya ta kwashe kayan da suka koɗe ta aika ƙauye, tana jiran a zo godiya. Wannan suɗi ne ko da an naɗe shi a takarda mai ƙyalli, domin mai bayarwa sauke kaya yake yi, wanda aka ba kuwa ya zama juji. Saboda haka ba kowace kyautar ragowa ce abin yabo ba, kuma wanda ya ji haushin irin wannan kyautar yana da gaskiya.

Sai dai ku lura, ayar ba ta yi maganar tsada ko araha ba. Abin da ta sa a gaba shi ne: kai za ka karɓa? Gwaggo da irin wannan hular ta rufe kan ƴaƴanta, da irinta ta rufe nawa. Abin da ya fi kyau a hannunta shi ta bayar. Akwai kuma hadisin Abu Huraira da Bukhari da Muslim suka ruwaito, wanda ya gargaɗi mata kada su raina abin da ke tsakaninsu da maƙwabciya ko da ƙofaton akuya ne. Malamai sun ce gargaɗin ya hau kan mai bayarwa da mai karɓa. Ni ban kasance ko ɗaya daga cikinsu ba, ƴar aike ce kawai, amma ni ce na yi rainin a madadin kowa. Matar yayana ba ta ga hular ba balle ta ƙi ta.

Daga ina idona ya koyi wannan rainin? Na yi tunani na ga ba daga gidanmu ba ne. Saƙar kakanninmu siririya ce, faɗinta bai wuce tafin hannu ba. Babbar rigar saƙi da sarki ke sawa, ɗinke-ɗinken waɗannan siraran ne aka haɗa. Marinar Ƙofar Mata a Kano, wadda ake cewa tun 1498 take, ba ta taɓa fitar da shuɗi biyu iri ɗaya sak ba, domin kowace karofi da halinta. A 1856 wani saurayi ɗan shekara 18 a Ingila, William Perkin, ya haɗa launin farko na sinadari, a 1897 kuma kamfanin BASF na Jamus ya fara sayar da shuni na masana'anta. Tun daga nan launi ya zama abin da inji ke maimaitawa sau dubu ba kuskure, marina suka yi ta mutuwa, mu kuma muka tashi muna ɗaukar cewa abu mai kyau shi ne wanda ya yi kama da ɗan uwansa na cikin kwali. Abin da ya bambanta sai mu ce na talaka ne. Wallahi abin da na ji tsoro ranar sunan ke nan. Ba Gwaggo nake karewa ba, kaina nake karewa, kada a ce ƴar jami'a daga gidan da ake saƙa da guntaye ta fito.

Mutanen yankinmu sun taɓa yin irin wannan kuskuren a gona, kuma sun gyara. Da can in an yi sassabe, duk tohon da ya fito daga kututture sare shi ake yi a ƙone, gona mai tsabta ita ce wadda ba komai a cikinta. Daga 1983, da aikin Tony Rinaudo ɗan Ostareliya da manoman jihar Maraɗi, aka fara barin toho mafi ƙarfi ana sassake sauran ana kula da shi. Ƙauyen Ɗan Saga na gundumar Agye ya yi suna a kan wannan, kuma yau ana lissafin kimanin hekta miliyan 5 da suka farfaɗo a Nijar ta wannan hanya. Kututturen yana nan tun da. Abin da ya ƙaru shi ne an ajiye shi da niyya, an kuma sake yi mishi aiki.

Gargaɗi ɗaya gare mu masu riƙe biro. Kada mu mayar da rashi abin ado. Na taɓa tambayar Gwaggo ko ta fi son saƙa da guntaye, ta yi dariya ta ce, "Ke dai Allah ya hore. In na samu ƙulli goma sababbi, kin ga na tsaya tsince-tsince?" Gaskiyarta. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni, amma ba wanda ya ce guntun gatari ya fi cikakke. Tattalinta ba ya wanke waɗanda suka bar tsohuwa mai sana'a ba jari, kuma a cikinsu har da mu ƴaƴan gidan da muke sayen kati na waya kowane mako. Abin da nake cewa kawai shi ne, wanda ya ɗauki ɗan abin da ke hannunsa ya zuba mishi kwanakinsa, ba suɗi ya ba ka ba, kuma ba ka da ikon jin kunya a madadinsa.

Ranar da zan koma Yamai na sauka Maraɗi na kai ledar. Na faɗa ma matar yayana yadda aka yi. Ta karɓa ta juya hular tana duba cikinta, ta ce, "Ikon Allah, ko ƙulli babu." Ta sa ma yaron. Sai dai jinjiri ba ya jiran kunyar kowa. Kansa ya ƙaru, hular ta matse, asubahin sanyin da aka saƙa ta dominsu kuma da yawa sun wuce. Wannan asarar ni na jawo ta, ba abin da zai mayar da ita.

Daga tasha na kira wayar ƙanena na ce ya kai ma Gwaggo. Na faɗa mata komai, ina jiran faɗa. Ta yi shiru jim kaɗan, sannan ta ce, "To ai sai ki sa a maido mini ita in warware bakin in ƙara mata. Akwai sauran shuɗi a gwangwani."